Gonar da ke ƙasan Grand Canyon

A garinmu idan aka ambaci kwazazzabo ba wanda ke murmushi. Yakan fara ne da 'yar hanyar ruwa a bayan gari, wadda yaro zai tsallake da ƙafa ɗaya. Damina uku, huɗu, sai ka ji ya cinye gonar wane, ya doshi maƙabarta, mutanen unguwa suna ta jera buhunan yashi suna kai kuka wurin hukuma. Shi ya sa da ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Arizona ya ce zai kai ni kallon kwazazzabo, sai da na yi dariya. Na ce, "Kai yaro, na baro zaizayar ƙasa a gida, in zo Amurka in biya kuɗi in kalle ta?" Ya ce, "Kawu, ka dai bari mu je."

Muka je. Dala 35 aka karɓa a ƙofa kuɗin mota ɗaya, muka ajiye ta, muka taka ta cikin wasu gajerun itatuwa. Dutse tun daga nesa ake hango shi, mutum ya shirya masa. Wannan kuwa rami ne, ba ya sallama. Kana cikin tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai kawai ƙasar ta yanke a gabanka. Na kama ƙarfen da aka gitta a bakin wurin, ban iya cewa komai ba sai tasbihi. Tsawonsa kilomita 446, faɗinsa a wani wurin ya kai kilomita 29, zurfinsa ya haura kilomita ɗaya da rabi. Kogin Kolorado da ya yi wannan aiki yana can ƙasa, daga inda muke tsaye kamar zaren da ya faɗi daga bakin tela.

Bangon ramin hawa-hawa ne, kowane hawa da launinsa, kamar an jera tabarmi fari da ja da ruwan ƙasa an danne. Na saman duka, wanda muke takawa, ya kai shekara miliyan 270 a lissafin masana duwatsu, kuma a jikinsa akwai sawun ƙananan halittun teku, alhali wurin yana sama da mita 2,000 daga doron teku. Ƙasa da shi kaɗan akwai wani farin ɗamara da ya zagaye ramin gaba ɗaya. Tudun rairayi ne na wata tsohuwar hamada da ya daskare ya zama dutse, har yanzu ana ganin karkatattun layukan da iska ta zana masa, irin waɗanda duk wanda ya ratsa hamadar Tenere ya sani. Can ƙasa kusa da ruwa kuma baƙin dutse ne mai shekara sama da miliyan 1,700. Shi kansa ramin yaro ne a kan waɗannan duwatsu: mafi yawan masana sun tafi a kan cewa cikin shekara miliyan biyar zuwa shida kogin ya yanka shi. Ƙasar yankin ta daɗe da tasowa sama, kogin kuma ya riƙa nutsawa cikinta yana gurza ta da yashi da tsakuwar da yake ɗauke da su. Faɗin kuma aikin ruwan sama ne da sanyi. Ruwa ya shiga tsagar dutse, dare ya yi ya daskare ya buɗa tsagar, wata rana ɓangare guda ya ɓalle, ambaliya ta kwashe shi zuwa kogi. Dutse mai tauri ya tsaya a miƙe kamar katanga, mai laushi ya kwanta gangara, shi ne ya ba wurin siffar matakala. Yau da gobe ke nan, wadda aka ce ta sa allura ginin rijiya.

Wannan duk ana samunsa a allunan da aka kakkafa a bakin ramin. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da na hango washegari.

Mun ɗan gangara ta hanyar ƙafa da ake kira Bright Angel. Ban yi nisa ba, don ma'aikatan wurin suna da wata magana da suke maimaita wa kowa, cewa sauka ganin dama ce amma hawowa tilas, kuma gwiwata ta fahimci maganar tun kafin ni. Da na tsaya hutawa sai na ga can ƙasa, a tsakiyar wannan ƙuna ta ja da toka, wani siririn layi kore shar, manyan itatuwa a jere. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ma'anar wannan. Akwai ruwa da ba ya ƙafewa. Kuma ban taɓa jin inda aka sami ruwa irin wannan a hamada ba tare da mai shi ba. Na tambayi yaron, wa ke da wurin can? Ya ce sansanin masu yawo ne, akwai famfo da wurin kafa tanti. Na ce kafin tantin fa?

Gona ce. Mutanen ƙabilar Havasupai, wato mutanen shuɗin ruwa, sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman masara da wake da kabewa a wannan wuri, mita 900 ƙasa da bakin ramin. Ita kanta hanyar da muke takawa da takalman yawo, sawunsu aka bi aka faɗaɗa. Rayuwarsu ta yi kama da ta mutanenmu masu gida biyu: da bazara suna cikin rami suna noma, da hunturu su hau tudu farauta da neman itace. A 1882 gwamnatin Amurka ta keɓe musu eka 518 a ƙasan wani reshe na ramin, ta ce nan ne naku, tudun da suke dogaro da shi rabin shekara ya fita daga hannunsu. A 1919 aka mayar da Grand Canyon gandun ƙasa na gwamnatin tarayya. A 1928 ma'aikatan gandun suka fitar da mutum na ƙarshe da ya ƙi barin wannan gona, wani dattijo da tarihi ya riƙe da sunan Kyaftin Burro. Bayan sun tafi aka ci gaba da kiran wurin da sunan da ke nufin lambun Indiyawa, kamar yadda Turawa ke kiran 'yan asalin ƙasar Amurka, ba tare da Indiyawan ba, har sai a 2022 da aka karɓi roƙon ƙabilar aka sauya shi zuwa Havasupai Gardens.

Akwai wata magana ta shugaba Theodore Roosevelt da Amurkawa ke ji da ita. Ya tsaya a bakin ramin a 1903 ya ce a bar shi yadda yake, ɗan Adam ba zai iya ƙara masa kyau ba, sai dai ya ɓata shi. Magana ce mai kyau, ni ma na yarda da ita. Amma a lokacin da yake faɗarta, yadda wurin yake ya haɗa da hayaƙin murhun Havasupai da kunyoyin masararsu. Jirgin ƙasa kuwa ya riga ya iso bakin ramin tun 1901, kuma shekara biyu bayan jawabin aka buɗe katafaren otal ɗin El Tovar a 'yan taku kaɗan daga gefen. Otal ya zauna, layin dogo ya zauna, mai kabewa ne aka ga yana ɓata wuri. Shirun nan da baƙo ke zuwa nema, wanda yake sa shi jin kamar shi ne mutum na farko da ya fara ganin duniya, shiru ne da aka ƙera da hannu, kuma wasu ne suka biya kuɗinsa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba amsar banza ba ce. Za a ce ba don gwamnati ta killace wurin ba, da yanzu babu abin kallo. Gaskiya ne. Wani ɗan kasuwa Ralph Cameron, wanda daga baya ya zama sanata, ya yi shekaru yana riƙe da wannan hanya ta Bright Angel da sunan haƙƙin haƙar ma'adinai, yana karɓar dala ɗaya daga duk wanda zai sauka. A shekarun 1960 an yi niyyar gina manyan madatsun ruwa biyu a cikin ramin, waɗanda da sun nutsar da wani sashe nasa, sai da jama'a suka tashi tsaye aka fasa. Har mahaƙar yuraniyom an yi a bakin ramin, kusa da inda 'yan yawon buɗe ido ke ɗaukar hoto, ta yi aiki zuwa 1969. Ba don doka ba, da masu kuɗi sun yi kaca-kaca da shi. Amma a duba jerin nan da kyau: mai karɓar kuɗin hanya, mai madatsa, mai haƙa. Babu manomin masara a ciki. An tsare wurin daga mutanen da ba su taɓa yi masa barazana ba, sannan aka shafe shekara ɗari ana kokawa da waɗanda suke yi.

Maganar yuraniyom ɗin ma ba ta mutu ba, kuma a nan ne na ji abin ya taɓa ni ta wata fuska. A ƙarshen 2023 wata mahaƙa da ake kira Pinyon Plain ta fara fitar da shi, ƙasa da kilomita 20 kudu da bakin ramin. Shugaba Biden ya ayyana kusan eka miliyan ɗaya na kewayen a matsayin yankin da aka kare a watan Agustan wannan shekarar, amma izinin wannan mahaƙa ya girmi dokar, don haka ba ta shafe ta ba. Kamfanin ya ce akwai kaurin dutse tsakanin raminsa da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ba abin da zai tsiyaya. Havasupai suka ce daga wannan ruwa ne maɓuɓɓugarsu take fitowa, kuma idan lissafin ya kuskure ba su da wata. Ƙauyensu Supai ba shi da hanyar mota, tafiyar kilomita 13 ce a ƙafa daga inda mota ke tsayawa, har yau alfadarai ne ke kai musu wasiƙu. Wa zai kai wa irin wannan wuri tankar ruwa? Maƙwabtansu Navaho sun riga sun ɗanɗana: akwai tsofaffin ramukan yuraniyom sama da 500 da aka yi watsi da su a ƙasarsu, shi ya sa a 2005 suka haramta haƙarsa gaba ɗaya. Mutumin Arlit ta Nijar ba ya buƙatar tafinta a wannan zance. Tun 1971 ake fitar da wannan ma'adini a gefen duwatsun Abzin, an rufe mahaƙar Akuta a 2021 an bar miliyoyin tan na dusarsa a tule, kuma tambayar da ake yi a can ita ce dai wadda ake yi a Supai: idan an gama an tafi, wa zai sha ruwan?

Kada a ɗauka ina cewa duk abin da ɗan ƙasa ya yi da ƙasarsa daidai ne. A yammacin ramin, a yankin ƙabilar Walapai, an buɗe wata gada ta gilashi a 2007, mai siffar kofaton doki, ta miƙa mita 21 a kan sarari, mutum ya taka yana kallon ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarsa. Jirage masu saukar ungulu suna ta safa da marwa daga Las Vegas zuwa wannan ɓangare. Ban je ba, kuma hotonta kaɗai ya ishe ni in ce ba ta burge ni ba. Roosevelt ya yi gaskiya, wurin ba ya buƙatar ado. Sai dai ina jin nauyin in zauna da cikina a ƙoshe in yi wa mutanen da aka bar wa busasshen tudu wa'azin kyan gani, alhali can gabas ana ta cika otal-otal a ƙasar da aka ƙwace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su kuma Navaho da aka kawo musu irin wannan tayi, wato a kafa waya mai ɗauke da akwatunan fasinja daga sama har ƙasa inda ƙaramin Kolorado ya haɗu da babban, a riƙa sauke mutum dubu goma a rana, majalisarsu ta ƙi a 2017 da ƙuri'a 16 da 2, duk da alkawarin ayyukan yi a yankin da ke fama da talauci. Wurin mai tsarki ne a wajensu da wajen ƙabilar Hopi. Wata ƙabila ta gina, wata ta ƙi. Abin da ya haɗa su shi ne kowacce ita ta yanke, kuma ita za ta kwana da sakamakon. Mu masu zuwa kallo raɓa ne, rana na ɗagawa mun bushe.

Kuma muna da yawa. A 1858 wani hafsan sojan Amurka, Joseph Ives, ya leƙa yankin ya rubuta wa manyansa cewa wuri ne marar amfani, da wuya wani Bature ya sake zuwa bayan tawagarsa. Allah Sarki. A 2018 mutum sama da miliyan shida suka zo, kuma ko a shekarun baya-bayan nan ana dosar miliyan biyar. Yawancinmu a 'yan wurare kaɗan muke cunkushewa a gefen kudu, kowa da wayarsa a sama, wasu sun juya wa ramin baya suna ɗaukar fuskarsu. Na yi nawa hoton, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk wannan taro, da otal-otal da wuraren cin abinci da banɗakunansu, daga bututu ɗaya suke sha, wanda aka shimfiɗa a shekarun 1960 daga wata maɓuɓɓuga a gefen arewa, ya gangara ƙasan ramin ya haye kogi, sannan a turo ruwan sama da inji. Ya fashe fiye da sau 80 daga 2010, har a ƙarshen Agustan 2024 aka dakatar da kwana a otal-otal ɗin cikin gandun na 'yan kwanaki don babu ruwa. Ana kan sauya shi da kuɗi sama da dala miliyan 200. A bututun nan, inda ya bi ta wancan koren wuri, akwai injin turo ruwa a daidai tsohuwar gonar Burro.

Shi ma kogin ba yadda yake aka bar shi ba. Sunansa da Sifaniyanci yana nufin mai launin ja, saboda jan laka da yake ɗauka. Tun da aka tare shi da madatsar Glen Canyon a samansa a 1963, lakar tana kwantawa a bayan madatsa, ruwan da ke fitowa kore ne mai sanyi ƙarara, kuma tudun yashin da ke gaɓarsa suna ta raguwa, har sai lokaci-lokaci an saki ruwa da gangan don a kwaikwayi ambaliyar da. An ɗauke wa maƙerin guduma, an bar mana abin da ya ƙera muna yabo.

To me nake so a yi? Abu na farko ba sabo ba ne, don Havasupai sun riga sun yi shi a nasu ɓangaren. A 1975 shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta mayar musu da eka 185,000, bayan gwagwarmayar shekaru masu yawa. Yau duk mai son ganin shuɗin ruwan da ke zubowa daga jajayen duwatsunsu sai ya nemi izini tun da wuri, ya biya, kuma adadin da suke bari ya shiga ƙayyadadde ne. Mutane suna ƙorafin tsada da wuyar samu. Ni ban ga laifin hakan ba. Wurin da ruwansa bai wuce bututu ɗaya ba bai kamata ƙofarsa ta zama ta kasuwa ba, kuma da za a ce ni ma sai na jira shekara kafin a ba ni rana, zan jira. A ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da ƙarin dala 100 a kan kowane baƙo daga ƙasar waje a wasu manyan gandaye, har da wannan. A matsayina na wanda abin zai shafa, ban ƙi ba. Abin da zan so in gani a rubuce shi ne kaso nawa ne daga ciki zai isa ga ƙabilu 11 da hukumar gandun da kanta ta amince cewa asalinsu yana haɗe da wurin. Idan babu, to kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Na biyun shi ne wanda za a ce ba zai yiwu ba, alhali yana yiwuwa a cikin jihar nan ta Arizona. A arewa maso gabashinta akwai wani kwazazzabo, Canyon de Chelly, mai jajayen katangu da wani dogon dutse da ya tsaya shi kaɗai kamar hasumiya. Tun 1931 yake ƙarƙashin kulawar hukumar gandayen ƙasa, amma ƙasar ta Navaho ce, ba a karɓe ta ba. Iyalai suna zaune a ciki, suna noma, suna kiwon tumaki. Baƙo yana iya zagaya sama ya leƙa kyauta, amma idan yana son shiga ciki sosai sai da ɗan jagora, kuma 'yan ƙabilar ne ke wannan aiki. Shekara casa'in da ɗoriya ke nan, katangun ba su rushe ba, zanen mutanen da ke jikinsu yana nan. Suna da nasu saɓanin da hukuma, kamar kowane zaman tare. Amma ba wanda zai je can ya dawo yana cewa tunkiya da masara sun rage wa dutse kwarjini.

Da muka hawo, ina haki, yaron ya miƙo mini ruwa ya ce, "Kawu, yanzu ka yarda kwazazzabo abin kallo ne?" Na ce na yarda, amma ya ba ni minti biyu tukuna. Na koma bakin ƙarfen na sake neman koren layin nan. Da yamma ya fi fitowa, lokacin da inuwa ta rufe gangaren ta bar kan itatuwan a rana. An sauya allon suna, wannan kam an yi. Ruwan yana nan, ƙasar tana nan, jikokin masu gonar suna nan tafiyar 'yan sa'o'i daga wurin. Idan Allah Ya sa na sake komawa, kuma gwiwa ta yarda na kai har ƙasa, ina so in tarar da ko da kunya goma ta masara a gefen tantunan, da wani dattijo zaune a inuwa yana daka wa baƙi tsawa kada su taka masa yaɗon kabewa.